Jibi a Farcen Ikram

Farcen ƙaramin yatsanta na hagu shunayya ne. Shi na fara gani kafin fuskarta, domin da wannan hannun ta dafa gefen teburina tana leƙen littafin da nake rubutu a ciki. Yarinya ce 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya, sanye da farin hijabi wanda ya sha wanki har ya fara komawa ruwan toka. Ba ta cikin layi. Ƙawarta ta rako, tana riƙe mata da jakar makaranta.

"Ke fa?" na ce. "An yi miki?"

Ta ɗaga yatsan ta nuna mini, sannan ta mayar da shi cikin hijabi. Da aka gama yi wa ƙawar tata suka tafi tare, ɗaya na murza kafaɗa, ɗaya na yi mata dariya.

Ranar Talata ce, kwana na biyu da fara aikinmu a Malkohi. Bayan ruwan da ya malale rijiyoyi a ƙarshen damina, shawara ta shiga unguwar. Gida-gida ana samun mai rawayan ido da zazzaɓi da fitsari kalar shayi. Da aka auna jini aka ce ciwon hanta ne nau'in A, wanda ke bin ruwa da abinci da hannun da ba a wanke ba. Wata ƙungiya ta kawo allurar riga-kafi, aka ba mu kwana biyar mu yi wa yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar, da duk wanda ke kwana gida ɗaya da mara lafiya. Mu uku ne a gindin dalbejiyar da ke gaban makarantar firamare. Sista Rebeka ke yin allura. Bappa Hamajoɗa, dattijon da mai unguwa ya haɗa mu da shi, shi ke tsara layi da nuna mana gidaje. Ni kuwa rajista aka ba ni, saboda Sista ta ce tun da ta san ni ba ta taɓa jin na haɗa jimla biyar a jere ba, gara a bar ni da biro.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu ba ma shafa wa kowa tawada. Masu ɗigon shan inna ke yin haka, su ja alƙalami a ƙaramin yatsan hagu don kada a yi wa yaro sau biyu. Mu kati muke bayarwa, ɗauke da ranar da za a dawo allura ta biyu bayan wata shida. Kuma kalar da na gani ba ta wancan alƙalamin ba ce. Ta zarce farcen ta taɓa fata, tana ɗan sheƙin kore idan rana ta haska ta. Na san kalar nan daga ɗakin gwaji a jami'a, na kuma san ta daga gwiwoyinmu muna yara duk lokacin da muka faɗi. Jibi ne, shunayyan maganin nan da ake shafa wa ciwo.

Sai da muka shiga keke za mu koma Jimeta na iya faɗa wa Sista. Ta rungume kular allura a cinya, ta yi dariya.

"Zuhra, yara ne. Wasa suke yi. Jiya wata ta zo mini da lalle har gwiwar hannu ta ce an yi mata. Tsoron allura kawai."

Na ce to. Aka sauke ni a Dubeli, na shiga gida, na ci abinci, amma yatsan bai bar ni ba. Wanda ya shafa jibin nan ya san hannun da ake shafawa, ya san yatsan. Ba aikin yarinya ba ne.

Ranar Laraba da rana muka ɗauki kula muka shiga bin gidajen da aka samu mara lafiya. Bappa na gaba da sandarsa, yana sallama a kowace ƙofa da yaren masu gidan, Fulatanci a nan, Hausa a can, wani wurin kuma 'yan kalmomin da ya tsinta daga bakin mutanen da suka zo gudun hijira. Yawancin gidajen wannan ɓangaren nasu ne. Sun baro garuruwansu shekarar da 'yan bindiga suka shiga Michika da Mubi, suka zauna a sansani, daga baya wasu suka samu fili suka gina ɗakunan ƙasa suka ƙi komawa.

Muka zo wata ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti. Bappa bai rage tafiya ba.

"Nan ba ƙananan yara," ya ce. "Mu wuce."

Sista ta duba takardar da ke hannunta. "Bappa, ai nan ne gidan Endurance Joel. Tana cikin masu ciwon. Ko ba yara akwai manya."

Ya tsaya. Ya gyara hularsa duk da ba ta karkace ba, sannan ya koma ya ƙwanƙwasa.

Tsakar gidan ƙarami ne, an share shi tas. A ƙarƙashin rumfa wata budurwa na kwance a tabarma, idonta rawaya kamar an ɗiga kurkum. Ita ce Endurance. Sarin latas da alayyafo take yi a bakin tafkin Njuwa tana kaiwa kasuwa, ana jin can ta kwaso ciwon. Uwarta, Mama Keturah, doguwar mace ce siririya, ta fito daga madafa tana goge hannu a zani. Ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa, Sista ta yi godiya ba ta sha ba.

Ni aikina kallo ne idan ba rubutu nake ba. A saman ƙofar ɗaki akwai ƙaramin gicciye na itace. A gindin bangon, ƙarƙashinsa daidai, an jingina allo da rubutun tawada sabo. A igiyar shanya kuma akwai rigar 'yar makaranta wadda ba za ta shiga Endurance ba ko da ciwon ya ƙara rame ta.

Sista ta yi bayani yadda ta saba, da sauri, tana ƙirgawa da yatsu. A ware wa mara lafiya kofi da kwano. A tafasa ruwan sha. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida. Sannan ta ce duk wanda ke gidan a yi masa allura yanzu, domin idan aka yi cikin mako biyu da bayyanar ciwon tana iya tare shi.

"Yaushe idonta ya canza?"

"Kwana tara yau," in ji Mama Keturah. Ta zauna a turmi, ta naɗe hannun rigarta da kanta. "Ki yi mini."

Ko gezau ba ta yi ba da allurar ta shiga. Ta ba ni sunanta, Keturah Joel, ta ba ni shekarunta, har ta gyara mini inda na rubuta sunan ba daidai ba.

"Saura wa?" Sista ta tambaya.

"Shi ke nan."

A daidai lokacin ƙofar ta yi ƙara, yarinyar jiya ta shigo da bokiti a ka. Ta gan mu, ta tsaya cak, ruwa na zuba mata a kafaɗa.

"Wannan fa?"

"Ikram ne," Mama Keturah ta ce. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. "Ya riga ya yi. Ikram, nuna musu."

Yarinyar ta sauke bokitin ta miƙo yatsa. An sake shafawa, ya fi jiya duhu.

Sista ta kama hannun ta juya shi. "Wa ya yi mata wannan?"

"Mutanenku."

"Mutanenmu? Mama, mu ba ma shafa tawada. Kati muke bayarwa, kamar wanda aka ba ki yanzu. Ina katinta?"

Na ga Mama Keturah ta kalli katin da ke hannunta, ta kalli Bappa. Bappa na kallon sandarsa.

"Ba ya so," ta ce a hankali. "Ku bar shi."

"Ba ta so ko ba kya so? Ke an yi miki, kin tsare kanki, yarinyar kuma da ke cin kwano ɗaya da mara lafiya a bar ta? Haba, Mama. Wannan wane irin abu ne?"

"Sista, useko," Bappa ya ce, yana roƙonta da tafin hannu. "Akwai gidaje bakwai a gaba. Rana na yi."

Ba a yi wa yaro allura sai da yardar babba, don haka muka fito. Sista ta yi ta faɗa har gida na gaba. Ni dai abu ɗaya nake juyawa. Matar da ta miƙa hannunta haka ba allura take tsoro ba. Kuma lokacin da Ikram ta shigo, ba kular allura Mama Keturah ta kalla ba. Littafina ta kalla.

Ranar Alhamis da aka tashi cin abinci na ce wa Sista zan ɗan zaga. Na ɗauki littafin rajista na sa a ƙarƙashin mayafi. Sau biyu na wuce ƙofar mai shuɗin fenti kafin na iya ƙwanƙwasawa.

"Anti rajista!" Endurance ta ce daga tabarma. Muryarta ta fi jikinta ƙarfi. "Ina Madam allura? Abeg ki ce ba ta zo ba. Jiya ta sa Mama ba ta ci tuwo ba."

"Ni kaɗai ce. Yaya jikin?"

"Ki duba idona mana. Fitilar keke. Jiya na ce su kashe lantarki ni zan haska musu gida, ba wanda ya yi dariya."

Na yi murmushi na zauna a bakin tabarmar. A kusa da kanta akwai kofi an ɗaura masa jan zare a hannu, da kwano shi ma da jan zare. A bakin bayan gida an rataye buta da guntun sabulu. Duk abin da Sista ta faɗa an yi shi.

Mama Keturah ta fito. Ba ta kawo ruwa ba wannan karon. Ta tsaya tana kallona, ni kuma duk maganar da na shirya tun daga Dubeli ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne:

"Mama, jibi ne."

Ta jawo turmi ta zauna.

"Na sani ke kika gani. Wancan yana surutu, ke kina kallo."

"Ba faɗa na zo yi ba. So nake in gane."

"Mama, ki faɗa mata," in ji Endurance. "Wannan ko an biya ta ba za ta iya kai gulma ba. Ba ki ga da ƙyar take gaisuwa ba?"

Mama Keturah ta tambayi inda Ikram take, aka ce tana Islamiyya sai la'asar. Sai ta fara, tana kallon ƙasa.

Daga wani ƙauye a bayan Michika suka fito, ita da Endurance mai shekara tara a lokacin. Mijinta Joel ya ce su yi gaba zai biyo su, bai biyo ba. Tana da jariri a baya, zawo ya kama shi a hanya, suka binne shi a gefen wata gona. Kwana biyu bayan haka, a gindin wata tsamiya, suka tarar da wata mata da ta zauna hutawa ba ta sake tashi ba. Jaririya na jikinta tana kuka. Mutane na wucewa, kowa da nasa kayan.

"Ni kuma nono yana zuba mini, yana jiƙa riga. Na ɗauka. Ban tambayi kowa ba, ba wanda zan tambaya."

A wuyan jaririyar akwai laya. Da haka ta gane 'yar Musulmi ce. Da suka iso Malkohi ta nemi dattijon da zai raɗa mata suna irin na mutanenta. Da ta yi wayo ta sa ta a Islamiyya. Da azumi ita ke tashi ta dafa mata sahur, ranar Lahadi kuma su bar ta a gidan maƙwabta su tafi coci.

"Ban canza masa komai ba. Abin uwarsa ne, na riƙe masa."

"To me ya sa ba kya so a rubuta ta?"

Ta nuna rigar da ke jikina, mai tambarin ƙungiya a ƙirji.

"A sansani akwai masu irin wannan riga. Suna zuwa da littafi. Wata maƙwabciyata, Rifkatu, shi ma ya tsinci yarinya a hanya. Suka rubuta suna, suka ɗauki hoto, suka ce don a ba da bargo da madara. Wata uku, sai ga kawun yarinya daga Maiduguri da mota. Suka tafi da shi. Daidai ne. Nasu ne. Rifkatu ma ya ce daidai ne. Amma na ga yadda ya zauna a ƙofar tanti bayan motar ta tafi. Na ce ni ba zan iya ba."

Cikin satin ta bar sansanin ta koma cikin unguwa. Ta lura masu ɗigon shan inna yatsa kawai suke dubawa, idan da kala su wuce ba tambaya. Ta sayi jibi a kemis. Duk lokacin da ta ji sanarwa sai ta shafa. Shekara biyar tana haka har Ikram ta wuce shekarun ɗigo, ta ajiye kwalbar a ƙasan akwati. Makaranta ba ta dame ta ba, malamin ɗan unguwa ne, suna kawai ya rubuta. Sai ranar Lahadi da ta ji mai shela na cewa har 'yan shekara goma sha biyar, ta buɗe akwatin. Jibin ya bushe, ta ɗiga masa ruwa.

"Ban san kun canza ba," ta ce.

Endurance ta yi 'yar dariya, ta kama ciki. "Na faɗa mata, Mama wannan fasahar ta tsufa."

"Ikram ta sani?" na tambaya.

"Tun tana aji biyu," in ji Endurance. "Ta ce idan ta gama makaranta ita da Mama za su je neman mutanenta, su gaishe su, su dawo. Har ta ce ni zan tsare gida."

Mama Keturah ba ta yi dariya ba. "Wataƙila yana da uba. Wataƙila wani yana nan yana tambaya har yau. Kada ki ga kamar ban sani ba. Kullum ina sani."

Na fito da littafin daga mayafi na buɗe shafin da ba a rubuta komai ba, na ɗora mata a cinya. An buga kan kowane layi da Turanci da Hausa. Ta ce ta yi ajin karatu a zumuntar mata, don haka na bar ta ta bi da yatsa da kanta. Suna. Shekaru. Unguwa. Uwa ko mai riƙo. Ranar allura. Ranar dawowa. Ta kai ƙarshe ta dawo farko, ta juya shafin ta duba bayansa.

"Ina wurin hoto?"

"Babu."

"Inda aka haife shi?"

"Ba a tambaya."

"Ina littafin yake zuwa?"

"Ofishin lafiya. Su ƙirga yara nawa aka yi wa, su san nawa za a kawo bayan wata shida."

Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai. "Ki rantse ba wanda zai zo."

Da na rantse, na san da an gama a nan.

"Mama, ba zan rantse kan abin da ban sani ba. Ban san gobe ba. Abin da na sani, wannan littafin ba na neman dangi ba ne, kuma ni ba zan kai maganarki ko'ina ba."

"Idan ba a yi ba fa?"

"Tana iya kamuwa, tana iya tsallakewa. Yawancin yara suna warkewa. Wasu yana kwantar da su makonni, kamar Endurance. Kaɗan kuma hantar takan gaza, kuma ba a sanin wace ce tun da wuri. Yau kwana goma. Mu gobe da la'asar muke tashi."

Ban taɓa yi wa baƙuwa magana mai tsawon haka ba. Ta miƙo mini littafin ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Da na fito na tarar da Bappa Hamajoɗa a inuwar katanga, ya dogara da sanda. Muka jera muna tafiya.

"Ta faɗa miki," ya ce.

"E, Bappa."

"Ni na raɗa sunan. Da dabino bakwai da goro uku, abin da muka samu ke nan." Ya ɗan yi tafiya. "Na gaya mata tun ranar, a wajenmu wadda ta shayar uwa ce, ba mai cire mata wannan. Ta ce ta yarda da ni, takarda ce ba ta yarda da ita ba. To shekara goma ke nan ina wuce da baƙi ta ƙofar nan. Ina ganin taimako nake yi. Jiya da na ga idon Endurance, ɓingel am, 'yata, kunya ta kama ni."

Ya ce zai leƙa bayan sallar magariba, amma kada in sa rai, matar ba a tura ta.

Ranar Juma'a da safe muna jera kaya na ce wa Sista, "Idan matar nan ta zo, don Allah kada ki yi mata faɗa."

"Ni? Yaushe na taɓa yi wa mutum faɗa?" Ta kalle ni ta saman tabarau. "Jiya kin ce za ki zaga, kika tafi da littafina awa ɗaya. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Babu abin da ya shafi allura."

Ta ci gaba da kallona. Sannan ta juya ta buɗe kula. "Shekarar gudun nan mutum ashirin da uku suka kwana a gidana na Jimeta. Rabinsu ban san su ba. Na koyi rashin tambaya."

Mutane sun yi yawa da safe, suka ragu da aka tafi masallaci, bayan an sauko kuma sai ɗai-ɗai. Duk farin hijabin da ya ɓullo ta kwanar makaranta sai na ɗaga kai. Ƙarfe uku da rabi layi ya ƙare. Ƙarfe huɗu mai keken da ke mayar da mu ya iso ya fara danna ham. Bappa na zaune a benci yana jan carbi, bai ce mini komai game da daren jiya ba, ni ma ban tambaya ba.

Sista Rebeka, wadda kullum cikin minti biyar take haɗa kaya, ta zauna tana naɗe auduga kamar za a ba ta maki. Ta ƙirga kwalaben da suka rage, ta ce ta ɓata lissafi, ta sake. Ta aiki mai keke ya sayo mata ruwan leda a shagon da ya fi nisa.

Huɗu da kwata suka ɓullo. Mama Keturah na gaba da kayan zuwa coci, zani da ɗankwali iri ɗaya, Ikram na biye. Suka tsaya a gaban teburina.

"Sannu, Mama," in ji Sista, da muryar da ban san tana da ita ba. "Ikram, zo nan 'yata. Wane hannu kike rubutu da shi? To kawo ɗayan."

Na buɗe littafin. Ikram ta dafa gefen tebur kamar ranar farko. An goge yatsan da toka ko da lemun tsami har fatar ta yi ja, amma jibi ba ya fita rana ɗaya, kalar na nan a gefen farcen.

"Suna?"

"Ikram Joel," yarinyar ta ce da kanta.

Na rubuta. Na rubuta shekaru da unguwa. Da na zo layi na huɗu Mama Keturah ta miƙo hannu. Na ɗauka littafin take so ta janye, sai na ga biron take nufi. Na ba ta. Ta sunkuya ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya, tana dannawa har ya fito a shafi na baya.

"Wayyo!" in ji Ikram.

"Wayyon me? An gama tun ɗazu. Ƙawarki ma da ta fi ki ƙanƙanta ba ta yi ihu ba. Danne nan. Ku zauna a benci minti goma sha biyar in ga yadda jikin zai yi, sannan ku tafi."

Suka zauna kusa da Bappa. Na cika katin na rubuta ranar dawowa a watan Afrilu, na kai mata. Ta karɓa ba ta duba ba. Hanya take kallo, wadda ta taho daga Yola. Ikram na ba Bappa labarin wata malamarsu, yana ta gyaɗa kai. Babura suka wuce, da wata mota ɗauke da buhunan shinkafa. Can sai ga wata farar mota mai tambari a ƙofa ta taho a hankali saboda ramuka. Na ga hannun Mama Keturah ya sauka a gwiwar Ikram ya riƙe. Motar ta zo daidai makarantar, ta kauce wa wani rami, ta wuce. Ba ta saki gwiwar ba sai da motar ta sha kwana.

"Lokaci ya yi," Sista ta ce. "Lafiya lau. A kawo ta da katin nan a watan huɗu, ko ni ko wata."

Mama Keturah ta miƙe. Ta kwance bakin zaninta, inda take ƙulle abin da ba ta so ya ɓata. Na hango tsohuwar laya a ciki, fatar ta yi baƙi. Ta ninke katin biyu ta sa kusa da ita, ta ciro wani abu, ta sake ƙullewa. Ta zo ta gaban teburina ta ajiye shi a kan littafin: 'yar kwalba ce, takardar jikinta ta goge, murfin ya rine da shunayya. Ta kama hannun Ikram, wanda ba a yi wa allura ba, suka bi ta bayan makaranta.